Rasuwar Alhaji Dramane Souley, Mai Kula da Ɗakin Ibadar Jami'a

Cikin alhini da mutuwar jiki, Ƙungiyar Tsofaffin Ɗaliban Jami'a 'Yan Zongon Kotonu ta sami labarin rasuwar babanmu, mai girma Alhaji Dramane Souley, wanda Allah Ya karɓi ransa da safiyar Talata, 14 ga Mayu 1996, yana da shekara saba'in da ɗaya. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Shekara ashirin da huɗu marigayin ya yi yana tashi daga Zongo zuwa Calavi don kula da tsohon ɗakin ibadar nan na harabar jami'a, wanda ɗalibai ke kira Shapel, ginin da ya girmi jami'ar kanta kuma ba mallakar wata ɗariƙa ba ne. Musulmi ne da bai taɓa wasa da salla ba, amma shi ke share ɗakin, ya goge kujeru, ya buɗe wa 'yan Katolika da safe, 'yan Furotesta da hantsi, kowa da lokacinsa. A shekarun da zuwa wurin ibada ke jawo wa ɗalibi tambayoyi daga hukuma, an sha neman ya faɗi sunayen masu shiga, ya ce shi ƙasa yake kallo idan yana shara.

Mu 'yan Zongo, a barandar ɗakin muka yi sallar azahar shekara da shekaru, bisa tabarmin da shi ya ɗauko daga gidansa. Lokacin yajin karatu na 1989, ɗalibai goma sha bakwai sun yi kwana uku a ciki, matarsa Hajiya Salamatu tana aiko musu da ƙosai da koko. Bayan taron ƙasa na 1990 da ya kawo sauyin mulki, da bakin kowa ya buɗe, mun so mu karrama shi a bainar jama'a, ya ƙi, ya ce a gyara rufin da ke yoyo. An gyara.

A kujerar ƙarshe ta ɗakin aka same shi zaune ya cika, tsintsiya na jingine a gefensa. Mun yi masa sutura, mun dawo, har yanzu maganar ba ta zauna mana ba.

Ƙungiya na miƙa ta'aziyyarta ga Hajiya Salamatu, da 'yarsa Malama Latifatou, da jikoki, da limamai da dattawan Zongo baki ɗaya. Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya ba iyalinsa haƙurin wannan rashi.

Za a yi addu'ar bakwai ranar Litinin da ƙarfe tara na safe a ƙofar gidansa. Fastoci uku da wani fada na Katolika sun aiko suna tambaya ko za su iya zuwa. Hajiya ta ce a ajiye musu kujeru a gaba.

Muhuyi Idrissou
Sakataren Watsa Labarai
A madadin Shugaba da dukkan 'yan ƙungiya