Hannun da Malam Suhaibu Ya Ɗaga

Rikoto, Zuru, 4 ga Maris

Ɗiyata Saloma,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya a Kaduna. Babur ɗin da kika aiko ya iso, Allah shi yi albarka. Sai dai ya raba ni da abokina Malam Suhaibu. Shekara ashirin muna jerawa a keke zuwa kasuwa, muna gardama, muna sauka mu gai da mutane. Wannan abin bai san tafiyar hira ba. Jiya Suhaibu ya ce na zama babban mutum, gaisuwata ta koma danna hon.

Babanki,
Mika

Kaduna, 15 ga Maris

Baba,

Ina gaisuwa. Kai da likita ya ce gwiwarka ta gaji da feda! Ku yi gardamar a kasuwa mana, ai ba guduwa za ta yi ba. Ka gai da Malam da ƙawata Amatullah.

Saloma

Rikoto, 9 ga Afrilu

Saloma,

Ina gaishe ki. Suhaibu ya rasu ran Talata. Da safen na wuce shi yana tura kekensa daidai gidan mai unguwa. Kin san duk mai keke a nan yake sauka don girmamawa, shi ya sa ban kawo komai a raina ba. Ya ɗaga hannu, na ɗaga, na wuce. Ashe ƙirjinsa ne ya riƙe. Da a keke nake, da ina gefensa. Ba na iya cin abinci. Ki tambayar mini ɗiyarsa Amatullah, ni na kasa: wannan hannun, gaisuwa ce ko kira?

Babanki

Zuru, 20 ga Afrilu

Saloma,

Assalamu alaikum. Mun gode da ta'aziyya. Baba ya yi magana kafin ya cika. Ya ce ya ɗaga hannu don ya tsai da Mika, Mika ya zaci gaisuwa ce. Har ya yi 'yar dariya, ya ce tsohon soja bai taɓa gane komai da wuri ba. Wallahi bai riƙe shi a zuciya ba.

Jiya Baba Mika ya zo da ƙafa, yana ɗingishi, ya tambaye ni da bakinsa. Na ce gaisuwa ce. Allah ya yafe mini. Ke ma haka za ki ce.

Ki huta lafiya,
Amatullah