Ƙofar da ke Jikin Katanga

Ngaundare, farkon Yuli

Dudu 'yata,

Ina gaishe ki, ina gaida Bakari. Yaya nauyin jiki? Allah ya raba lafiya. Saƙonki ya iso, kuma na yarda: tunda Allah ya yi wa babanku rasuwa zaman kaɗaici bai da amfani, zan sa haya a gidan in dawo wurinku Duwala kafin ki haihu.

Amma ki yi mini haƙuri kaɗan, maƙwabciyarmu Mama Odil ta tsiro da wani abu. Da na gaya mata zan tashi, sai ta riƙe ƙugu ta ce, “Asta, ke da aka kawo garin nan da lalle a ƙafa, kin taɓa hawa dutsen da ke bayan gidanki?” Na ce me na ajiye a can? Ta ce, “Kunya za ki ba mu a Duwala. A tambaye ki garinku, ki ce kasuwa kawai kika sani.”

Shi ke nan ta tada tsohuwar motar nan tata mai tari. Mun je tafkin Tizon, muka ci gasasshiyar masara a bakin ruwa. Dutsen kuwa rabi muka hau, gwiwoyi suka ƙi. Muka zauna muna haki, na hango rufin gidajenmu biyu manne da juna. Raina ya yi fari, wallahi.

Dillali ya ce ba mai karɓar haya sai an toshe 'yar ƙofar da ke tsakanin gidanmu da na Odil. Na ce wa magini ya bari sai ruwa ya tsagaita.

Ki riƙa cin abinci. Allah ya yi miki albarka.

Dadarki, Asta

Duwala, tsakiyar Agusta

Dada,

Barka da hutawa, ko in ce barka da yawo. Muna lafiya, sai ƙafafuna da suka kumbura. Bakari yana gaishe ki, ya gyara miki ɗakin da ke kallon bishiyar mangwaro.

Dada, ruwan Ngaundare yaushe ya taɓa tsagaitawa a Agusta? Ni fa a gidan nan na girma. Na san ba ruwa ne ya hana magini aiki ba. Ta ƙofar nan Mama Odil ta shigo da gudu ranar da ta karɓi haihuwata, ke kika ba ni labari. Ta nan nake tsallakawa in kin ɗauko bulala, ta nan naman Sallah yake fita, na Kirsimeti ya shigo. Ni ma ina son ƙofar.

Amma likita ya ce ƙarshen Satumba ne, kuma tsoro nake ji. Ban taɓa yi ba. Ina son ki kusa da ni. In ba za ki iya barin Mama Odil ba ki faɗa mini gaskiya, ba zan yi fushi ba, zan dai yi kuka.

Ki gaishe ta, ki ce ta rage gudu da motar nan.

Taki, Dudu

Ngaundare, ƙarshen Agusta

Dudu,

Gaisuwa mai yawa. Bakinki bai mutu ba, na gani. To, kin kama ni.

Ranar Asabar muka je Tello, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse. Akwai kogo a bayan ruwan, mutum ya tsaya ciki yana kallon duniya ta cikinsa. Muka jiƙe sharkaf, tsofai da mu, muna ta dariya kamar 'yan mata. A nan na ce, “Odil, in na tafi wa zai riƙa leƙo ki da safe?”

Ta ce, “Ji mini mata! Da kike leƙowa, ba gishiri kike zuwa ara ba?” Sai kuma ta matse bakin zaninta. Can ta ce, “Kin zaci don me nake ƙona mai ina zagaye da ke? Don ki ƙoshi da garin nan ki tafi. Yarinyar nan da hannuna na fito da ita. In ta haihu ba ke a wurin, ni da ke mun ɓata.”

Ashe ni ina jan ƙafa saboda ita, ita kuma sallamata take yi. Na yi kuka, ruwa ya rufa mini asiri.

Na sallami dillalin. Odil ta samo wani malamin makaranta da aka turo daga Garwa, shi da amaryarsa Hawwa'u. Na ce musu ƙofa tana nan, in sun ga dama su sa sakata ta wajensu, wannan ruwansu. Zan hau jirgin ƙasa ranar Laraba. Na sayo miki zuma da kilishi.

Sai na iso, in Allah ya yarda.

Dadarki

Ngaundare, Satumba

Dudu, 'yar gidana,

Ina gaishe ki da mijinki. Na ji uwarki ta sauka lafiya, har ta fara yi wa kifin Duwala tsiya. Ki bar ta, haka take.

Ki karanta mata wannan. Tun da baƙin suka tare ƙofar take rufe, ni ma ban taɓa ta ba, ban son a ce tsohuwa ta cika shisshigi. Na yi kewa, ba zan ɓoye ba. Yau da safe ina shara sai na ji ƙarar ƙofar nan, wadda babanku ya yi ta cewa zai sa wa mai. Amaryar ce, ta leƙo da kai tana sunne fuska. Ta ce, “Mama, don Allah ko kina da gishiri?”

Na ba ta kujerar da uwarki ke zama. Ba ta tashi ba sai azahar.

Ranar da naƙuda ta zo ki yi numfashi yadda na koya miki. Allah ya sauke ki lafiya.

Mamanki, Odil