Surukina Yana Tsallake Ruwan Magani

Malam, don Allah a ba ni shawara, na gaji. Ina turka shanu tamanin, ƙarshen wata mahauta za su ɗauka. Bara ciwon baki da kofato ya shigo mana, na binne bakwai da hannuna. Tun daga nan na kafa doka: duk mai shiga sai ya taka ruwan maganin da ke bakin ƙofa, ya wanke hannu. Kowa ya bi, har likitan dabbobi.

Ban da surukina. Tsohon dillalin shanu ne, shi ya koya mini sana'ar, ya kuma ba ni 'yarsa. Daga kasuwa yake zarcewa wurina, kashin shanu har idon sawu, ya tattare riga ya tsallake ruwan kamar kwata. Sai ya bi bijimaina ɗaya bayan ɗaya yana cusa musu hannu a baki, wai duba haƙori. Ni kuwa ina biye da shi ina sunkuyar da kai. Na yi wa maiɗakina magana, ta ce ita ba za ta iya ba. Yanzu ma'aikata sun fara tsallakewa, kuma jiya na ji ciwon ya ɓulla a kasuwar. Wallahi na rasa bakin magana.

Suruki mai kunya

Ɗan'uwa, sannu da ɗawainiya. Tsohon nan ba raina ka ya yi ba. Hannun da yake cusawa a bakin bijimi, shi ne abin da ya rage masa na sana'arsa, kuma wurinka kaɗai ake barinsa ya nuna shi. Kada ka hana shi zuwa.

Amma cuta ba ta san suruki ba. Ka daina tura matarka. Ka same shi a gida, ba gaban ma'aikata ba, ka ba shi labarin kasuwa, ka ce yara sun raina dokar, shi kaɗai za su ji tsoronsa. Ka saya masa takalmin roba nasa na kansa, ka ajiye sabulu a ƙofa. Idan ya ƙi, ka sa wa ƙofar kwaɗo har a kwashe shanun, ka ba shi haƙuri daga baya.

Ka je yau. Fushin suruki ana lallashinsa, bijimin da aka binne kuwa ba ya tashi. Allah ya tsare garken, ya bar zumunci.