Na Ce Musu Kin Tafi Rijiya

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi, ina roƙon Allah ya sa kina cikin rahamarsa. Mu nan gida lafiya lau, sai kewarki.

Inna, akwai abin da na yi wanda ban faɗa wa kowa ba, ko Gwaggo ba ta sani ba. Na yi ƙarya a kanki. Masu ƙidayar jama'a sun zo garinmu, na ce musu kina da rai.

Bari in faɗa miki yadda aka yi.

Yau kwana shida da zuwansu. Wadda aka ba unguwarmu mace ce 'yar Madawa, kowa Madam yake ce mata. Tana da babbar salula da take rubutu a ciki da yatsa, da allin sa lamba a ƙofa. Mai gari ya aiko wai in riƙa raka ta gida-gida, tunda ni ce na kai aji shida a lakkwal, makarantar boko. Kin san ni. Ko mushe, malaminmu, ne ya kira sunana a aji, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma ba a ce wa mai gari a'a.

Da gidanmu muka fara. Kaka tana zaune gindin rumbu tana tsince wake. Madam ta gaishe ta, ta tambayi mutum nawa ne a gidan. Kin san amsar Kaka: "Mun gode Allah." Aka sake tambaya da ƙarfi saboda kunnenta, sai ta ce, "Awaki ake ƙirgawa, ɗiyata. Mutane kuwa, wanda ya yi su ya san yawansu." Madam ta yi dariya, ta ce to jikar ta faɗi sunaye kawai. Kaka ta juya mana baya ta ci gaba da wakenta.

Na fara jerowa. Kaka, ni, ƙanena Idi, sai Rabi matar Yaya Sani. Da na ambaci Baba da Yaya, ta tambayi inda suke. Na ce Baba ya koma Abijan, Yaya kuma yana wajen Agadas yana biɗar kuɗi. Ta rubuta su a gefen waɗanda ba su nan.

Auta tana goye a bayana. Madam ta kama 'yar ƙafarta tana wasa da ita, ta ce wata nawa, na ce takwas. Sai ta karanto tambayar da ke cikin salular: mahaifiyarta tana da rai?

Inna, bakina ne ya riga ni. Na ce e. Ta ce tana ina, na ce kin tafi rijiya.

Ta nemi sunanki, na faɗa. Tun da nake ban taɓa furta shi ba sai ranar, har na waiwaya kamar za ki ji. Ta tambayi shekarunki, na ce kin taɓa gaya mini shekarar da fara ta cinye gero aka haife ki. Ta tambayi aikinki, na ce noma da saƙar tabarma. Sai ga sunanki ya fito a gilashin, ƙasa da na Kaka, sama da nawa. Wallahi daɗi na ji. Kamar in na leƙa ƙofa zan hango ki da tulu a ka, kina cewa, "Ke, zo ki kama mini, wuyana ba na aro ba ne."

A ƙarshe ta ce ko an yi rasuwa a gidan nan cikin shekarar da ta wuce. Na ce babu. Kaka ba ta ji ba. Rabi tana ɗaki kwance.

Kwana uku muna zagaye. Ban san garinmu ya zama haka ba sai da na shiga kowane gida da ƙafata. Mata ne da tsofaffi da yara. A tambayi mai gida, a ce yana Libiya, ko Legas, ko Tawa. Gidan su Hassi an toshe ƙofa da ƙaya, duk sun koma birni tun bayan girbi. Akwai gonakin da ba a haƙa musu ramukan taki ba bana, don babu hannun da zai fasa fakon. Madam ta ce a Madawa abin ya sha bamban: gida ɗaya ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki da iyalinsa, yawanci mutanen ƙauyuka irin namu masu dakon albasa, famfo ɗaya layi har bakin titi. Ta ce, "Ku kuna ta raguwa, mu mun rasa inda za mu sa ƙafa."

Kowane gida tambayoyin iri ɗaya ne. Ina kuke ɗiban ruwa, da me kuke ganin haske, yara nawa ke zuwa lakkwal. Har na haddace su.

A rana ta uku muka shiga gidan Inna Delu, wadda ɗiyarta Hajo ta rasu da tsohon ciki kafin damina. Da aka zo tambayar rasuwa, Inna Delu ta jefar da muciya. Ta ce, "Masu ran me kuka yi musu, da za ku bi matattunmu har kabari?"

Madam ta ajiye salular a cinyarta. Ta ce ba za ta yi mata alkawarin komai ba, ita ma aiko ta aka yi. Amma can inda ake zama a raba inda za a gina gidan likita da inda za a kai ungozoma, ba wanda ya san garin nan sai ta abin da aka rubuta. Ta ce, "Matar da ta faɗi a hanya, in ba a rubuta ta ba, su a wurinsu hanyar lafiya lau take."

Inna Delu ta sunkuya ta ɗauki muciyarta. Sannan ta faɗi sunan Hajo, da watan, da inda amalanken da ya ɗauke ta ya kai.

Ni kuwa ina gefe ina ji.

Na tuna ranar, Inna. Kin haifi Auta da hantsi, jinin ya ƙi tsayawa. Babu mota a gari, babu namiji a gida. Kawu Mani aka kira daga gona ya ɗaura jaki. Da ana ɗora ki kan amalanke kin dube ni, kika ce, "Sauke tukunyar nan kada ta ƙone." Shi ke nan maganarki ta ƙarshe gare ni. Na sauke. Hanyar Karofane, inda likita yake, duk dutse ce. Kafin la'asar suka dawo, an rufe ki da zanen Gwaggo.

Daga ranar zuwa yau ban taɓa faɗin kalmar da bakina ba. In mutane suka yi mini gaisuwa sai in sunkuyar da kai, Gwaggo ta amsa.

Yanzu ga Rabi. Cikinta wata bakwai, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Yaya ya ce zai dawo kafin lokacin, amma Baba ma haka ya ce a naki. Jiya na ga ta tsaya tana kallon amalanken Kawu, da ta lura da ni sai ta yi kamar kaza take nema.

Na san takarda ɗaya ba za ta kawo likita kafin wata biyu ba. Ban kai in san yadda manya ke shirya abinsu ba. Amma a littafinsu an ce gidanmu ba a yi rashi ba, kuma ni na faɗa. Na ɓoye wahalar da kika sha don in samu in gan ki cikin jerin sunayenmu.

Su Madam suna Karofane har ranar kasuwa, daga nan za su wuce. Gobe ne kasuwar. Na ce wa Gwaggo zan raka ta in ɗaukar mata tabarmi, ta yi mamaki amma ba ta tambaye ni ba. Ina tsoron Madam ta yi mini faɗa gaban mutane. Ina tsoron mai gari ya ji. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne in tsaya ina kallo ta sa yatsa ta cire ki daga cikinmu.

Duk da haka zan je. Zan ce mata mahaifiyata ta rasu, a kan hanya, ranar da ta haihu. Na gwada faɗinsa ina daka, sau biyu muryata ta yanke, a na uku na kai ƙarshe.

Ki yafe mini ƙaryar, Innata, ki yafe mini gaskiyar ma.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka makwancinki, ya sa Aljanna ce gidanki. Allah ya sauki Rabi lafiya, ya raya Auta, ya dawo mana da mutanenmu. Ni kuma ya buɗe mini baki gobe. Amin.

Ɗiyarki mai kewarki,
Zalika