Ni Na Hura Wuta da Ganyen Maigida

Anti Asabe, don girman Allah ki ba ni shawara. Maigidana malamin kimiyya ne a Guri, mutanen Filato ne mu. Bara ya ga wata bishiya a tudu cikin fadama, ganyenta siri-siri kamar allura, irin waɗanda muka saba gani a Jos, amma ya ce wannan daban ce, babu ita a littafi. Ya tsinko ganye, ya jera cikin tsofaffin jaridu, ya danne da dutsen niƙa don ya aika jami'a. Ni kuwa na samo tarwaɗa zan yi banda, itace ya jiƙe, na ga jarida da busasshen ganye, na hura wuta da su. Wallahi ban sani ba!

Da ya nema bai gani ba, sai ya zargi abokin aikinsa Malam Bakari, wai ya ɗauke don ya aika da sunansa. Tsoro ya hana ni magana. Ambaliya kuma ta shanye tudun har wata uku, kullum ina addu'a kada bishiyar ta mutu.

Ruwa ya janye, tana nan, har da 'ya'ya. Ya sake tsinko ganye ya aika, masana sun amsa cewa ba su taɓa rubuta irinta ba. Na samu sauƙi ƙwarai, yanzu ma nake cin abinci da daɗi. Sai dai har yau ba ya gaisawa da Malam Bakari. In bar maganar ta mutu?

Mai Bandar Kifi, Guri

Ƙanwata, barka da arziki. Na taya ki murna, na kuma yi dariya: kifin nan ya yi tsada!

Ƙona ganyen kuskure ne. Wanda ya ajiye bincike kusa da murhu bai gaya wa matarsa ba, shi ma da nasa laifin. Shirun da kika yi shi ne naki laifin, domin wani ne ke ɗauke da sunan ɓarawo.

Ki faɗa wa maigidanki yanzu da yake cikin farin ciki. Zai yi faɗa, zai huce. Sannan ku je gidan Malam Bakari tare, ki fara magana da bakinki, kuma a wanke shi a gaban malaman da suka ji zargin. Ki tafi da bandar tarwaɗa.

Bishiyar ta yi wata uku a ruwa ta fito. Malam Bakari shekara guda ke nan bai fito daga zargi ba. Allah ya daidaita ku.

Anti Asabe