Bencunan da Ke Riga Ka Isa Makaranta

Zuwa ga Mai Girma Babban Jami'in da ke zagayen duba makarantun firamare na Yola da Jimeta.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar girmamawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da fama da jama'a. Ranka ya daɗe, ba ka san ni ba, amma na fi sakatarenka sanin inda za ka gobe. Ni direban a-kori-kura ne. Ni nake kai bencuna makaranta ana gobe za ka zo, ni nake kwashe su da zarar motarka ta sha kwana.

Na ɗaya. Shekarar da mutanen arewacin jihar nan suka gudo saboda rikici, an sauke wasu a makarantar 'yata, can hanyar Namtari. Itace ya ƙare, aka yi girki da bencuna. Ban ga laifinsu ba, da ni ne har allon sai na haɗa. Sun koma garuruwansu tuntuni, amma ba a sake kawo ko benci ɗaya ba. Sauran makarantun ma haka abin yake, shi ya sa hedimastoci suka koma aro a tsakaninsu.

Na biyu. Bencuna arba'in ɗin da kake gani ko'ina, su ne dai arba'in ɗin. Akwai wani mai ƙafa uku da muke tokarewa da bulo. Ka gamu da shi a makarantu biyar, sau biyar kana ba da umarnin a gyara shi. Har yabawa ka yi cewa kayan makarantunmu iri ɗaya ne, alamar tsari. Ina bayan taga a lokacin, da ƙyar na riƙe dariya.

Na uku, kuma shi ne ya sa na ɗauki biro. Makon jiya zagayenka ya zo kan makarantar 'yata Asta, 'yar aji biyar. Ka tafi, na shiga kwasa, na tarar da ita a kan benci tana tsakiyar lissafi. Da bakina na ce ta tashi. Ba ta ko dube ni ba, ta ɗauki littafinta ta koma ƙasa. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Da yamma ta gaya wa uwarta cewa daga hutun nan ta gama da boko, za ta koma shagon maƙwabciyarmu Mama Ngozi a kasuwar Jimeta, tunda can akwai kujera. Asta kuwa ba ta magana biyu.

Kullum rediyo na cika mana kunne da farfaɗo da tattalin arziki. Ga shawarar direba. Kafintocin Jimeta suna nan zaune suna korar ƙuda. A ba su aikin bencunan, mai katako ya ci, mai ƙusa ya ci, mai sayar musu da abinci ta ci, yara kuma su zauna su yi karatun da zai riƙe ƙasar gobe. A yanzu ba mai amfana da yawon nan sai ni da mai sayar da fetur.

Sannan kowane benci a ƙona masa sunan makarantarsa da ƙarfe, kamar yadda makiyaya ke yi wa shanu. Ka kuma daina sanar da zuwanka. Na san sana'ata nake kashewa, ba komai, dakon albasa bai ƙare ba.

In duk wannan ya gagara, ga roƙona na ƙarshe, ba ya cin ko kwabo. Kowace Litinin ka aika cewa gobe kana tafe makarantar Asta, ba sai ka zo ba. Ni zan kai bencunan, in kuma yi ta jiran tafiyarka. Saura mako uku a yi hutu, ranka ya daɗe, kuma ba na so ta tuna cewa ubanta ne ya tashe ta daga karatu.

Allah ya taya ka riƙo, ya ba ka ikon yin gaskiya, ya shirya maka zuriya.

Wassalam.

Hammanjoda Direba,
Jimeta.