Bana Ban Ɗora Kalwa Ba, Inna

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum, Inna. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, mu nan Wudil muna nan yadda kika bar mu, sai abin da ba a rasa ba. Na san takarda ba ta isa inda kike. Amma akwai maganar da take damuna, kuma ke kika fi kowa haƙƙin jin ta.

Bana ban ɗora kalwa ba. Ɗorawa ta yi 'ya'ya sosai, mutanen Darki sun aiko da buhu biyu kamar yadda suka saba tun kina raye, na mayar musu da abinsu.

Kin tuna murar da na fara kafin rasuwarki, kina min tsiya wai hancina ya fi rijiyar gidanmu ruwa? Ba ta tafi ba. Shekara huɗu ke nan. Hanci a toshe, goshi kamar an ɗora min dutsen niƙa, in na yi sujada sai in ji fuskata za ta zazzago. Da baki nake numfashi, barci rabi da rabi, in wayi gari a gajiye tun ban taɓa komai ba.

Sannan na daina jin ƙanshi da wari. Ke kika koya min cewa mai daddawa ba ta ƙirga kwana, buɗe kwando take ta sunsuna. "Tambayi hancinki, ba ni ba," haka kike cewa in na dame ki. To yanzu sai in ɗaga ganyen da na rufe kalwar da shi, in cusa fuskata, shiru. Na ɓoye wa kowa, na koma kintace. Wata Juma'a Hajiya Talatu, wadda tun ina goye daddawarki take sawa a miya, ta dawo min da tawa a leda, ta ajiye, ta juya ta tafi. Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Daga nan na zama wata daban. Na daina zuwa biki da suna. Abu kaɗan in balbale yara da faɗa, in shige ɗaki in yi ta kuka, ban ma san me nake wa kukan ba. Babansu yana ta haƙuri, har haƙurin nasa ya fara ba ni haushi.

Ƙanwarki Iya Rabi, kin dai san ta. Kallo ɗaya ta yi min ta yanke hukunci: iska ce, a bakin kogi na yi gamo. Ta zo da ƙullin turare, ta barbaɗa a garwashi, ta lulluɓe ni da zane, safe da yamma har kwana bakwai. Wallahi don ƙauna ta yi. Amma hayaƙin nan ya ƙarasa toshe ɗan abin da ya rage, kaina kamar zai tsage, ina hawaye tana murna wai su ne suke fita. Ni ma na so in yarda da ita, don aljani ko ba komai ana korarsa.

Daga ƙarshe baban yara ya kai ni asibiti a Kano. Likitar ta gama leƙa hancina, sai ta tambaye ni ko akwai abin da har yanzu yake faranta min rai. Shekara huɗu ana ce min ya mura, ba wanda ya taɓa tambayata wannan. Ta ce ciwon hanci in ya daɗe yakan cinye barci da walwala har ya jawo damuwa, damuwar kuma ta ƙara masa nauyi, don haka duka biyun za a yi wa magani. Sannan ta ce in yi nesa da hayaƙi. Kalwa kuwa, ke kin fi ni sani, yini take a kan itace.

Wata biyu na yi ina juya maganar. Sana'ar da kika karɓa daga hannun kakata ta zo ta tsaya a nawa. Ko na bana ne kawai, ko shi ke nan, ban sani ba, likitar ma ba ta yi min alkawari ba. Ina jin kunyarki, Innata. Amma na gaji, kuma ina son in warke fiye da yadda nake son a ce 'yar Inna ta gaje ta. Ki yafe min.

Allah ya haskaka makwancinki, ya shayar da ke daga ƙoramun Aljanna. Ni kuma ya buɗe min ƙirjina, ko da hancin bai buɗe ba.

Taki har kullum,
Binta